DAGA NDE ZUWA N-POWER: INA AKA KWANA DA KOYA WA MATASANMU SANA'A?

Duk lokacin da aka ce gwamnati ta buɗe shafin cike fom na koyon sana'a, sai ka ga yaranmu na Dambatta, Makoɗa, Ɓichi da Kunci sun yi dafifi a shagunan masu kwamfuta. Kafin a sake wani cikon, ya kamata mu waiwaya mu ga inda aka faro.

Yankinmu wuri ne mai yawan jama'a da ƙarancin gona. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne a kanta bayan rabon gado. Shi ya sa tun fil azal ba a dogara da damina kawai. Da an kai amfani gida, wannan ya koma saƙa, wancan ƙira, wani jima ko dukanci, wani kuma ya tafi cin rani. Yaro a gaban ubansa yake koyo, kuma kasuwar da zai kai kayan tana nan: Laraba da Lahadi, ko wace rana da garin da take ci.

Hannun gwamnatin tarayya ya shigo sosai ne a 1986, zamanin Janar Babangida. A shekarar aka kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara rage ma'aikata. Sai aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, ta fara aiki a Janairun 1987. Dabararta mai kyau ce: a kai matashi wurin maigidan da ya riga ya iya sana'a, bakanike ko tela ko kafinta, a biya maigidan, a ba yaron ɗan alawus.

Daga nan kowace gwamnati da nata sunan. Obasanjo ya kawo NAPEP a 2001, wadda har yau sunanta ke manne da keken da muke hawa. Jonathan ya kawo YouWiN a 2011 da SURE-P a 2012. Buhari ya kawo N-Power a 2016, ana ba masu digiri da NCE naira 30,000 a wata, yawanci su koyar a firamare. Kuɗin ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ba mai musu. Amma da aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020, da yawa sun dawo inda suka tashi, domin alawus aka ba su, ba sana'a ba. A Oktoban 2023 aka dakatar da shirin.

A jiha kuma, tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Kwankwaso ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a sama da ashirin, ciki har da ta kiwon kaji a Tukwui, nan ƙofar gidanmu. Bayan canjin gwamnati da yawansu suka tsaya. Gwamnatin Ganduje ta gina tata babbar cibiyar mai sunan Aliko Ɗangote a hanyar Zariya, sannan gwamnatin da ta hau a 2023 ta koma farfaɗo da waɗancan. Kaji dai ba su san jam'iyya ba, amma duk canjin da aka yi, ɗan talaka ne ke asarar shekaru.

To ku kwatanta da madatsun ruwa irin su Thomas da Watari da Gari. Ba a raba wa kowa takardar shaida ba, amma yau ga matasa can suna noman rani, tumatir da albasa da shinkafa, wasu na kamun kifi. Dalili? An haɗa musu koyo da wurin aiki da mai saye.

Nan ne gizo ke saƙar. Ka koya wa yara hamsin ɗinki a ƙauye guda cikin wata uku, ka ba kowa keke, alhali teloli biyar sun ishi garin. Me zai hana a sayar da keken a yi kuɗin motar Legas ko Abuja? Laifin ba na yaron kaɗai ba ne.

Mu da ke aikin gwamnati mun san yadda rahoto ke tafiya: mutum nawa aka yaye, kaya nawa aka raba. Tambayar da ya kamata a riƙa yi ita ce, bayan shekara biyu mutum nawa ne ke cin abinci da sana'ar? Kuma kafin a zaɓi abin da za a koyar, a tambayi 'yan kasuwar Dambatta da Ɓichi abin da suke rasa mai yi: gyaran injin ban ruwa, haɗa sola, sarrafa gyaɗa, adana albasa.

Iyaye kuma, idan an ɗauki yaronku, ku nema masa maigidan da zai zauna wurinsa bayan an yaye shi, tun kafin ranar rabon kaya.

Wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan, ya faɗa mana a ƙasa: yana sana'ar har yanzu ko kuwa? Allah Ya sanya albarka a neman matasanmu, amin.