Tarihin Ɓeraye Masu Tangaɗi da Binciken Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Haka abin ya kasance ga masu binciken ƙwaƙwalwa. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda wasu ɓeraye da suka gaji nakasar tafiya suka buɗe wa masana ƙofa.

Mafarin Al'amari

Akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, ana kiransa sarabalam, shi ne ke daidaita motsin jiki. A shekarar 1837 Jan Purkinje ya bayyana manyan ƙwayoyin da ke cikinsa, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Amma yadda suke ƙulla hulɗa da ƙananan ƙwayoyin da ke kai musu saƙo ya daɗe yana damun masana.

A 1951 Douglas Falconer, a Edinbara, ya ba da bayanin wani ɓera mai layi in yana tafiya, ya sa masa suna reeler. Da aka duba ƙwaƙwalwar irin wannan ɓera, sai aka tarar ƙwayoyin ba su jeru a inda ya kamata ba. A 1962 kuma Richard Sidman da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana staggerer. Shi nasa manyan ƙwayoyin ba sa fitar da 'yan ƙayoyin da saƙo kan sauka a kansu, don haka ƙananan sai su mutu. A wani ɓeran mai suna weaver kuwa, ƙananan ne ke mutuwa kafin su kai masaukinsu, manyan su fitar da ƙayoyin, amma babu mai zuwa.

Gano Musabbabi

Ganin ɓarna daban, sanin tushenta daban. Sai a 1995 Gabriella D'Arcangelo da Tom Curran suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a reeler, aka kira sinadarin da take samarwa reelin. A 2000 aka tabbatar lalacewarta a ɗan Adam ma kan hana ƙwaƙwalwar jariri ginuwa daidai.

Kammalawa

Mai karatu zai lura an shafe shekara 44 tsakanin bayanin Falconer da gano dalili. Wannan tarihi ya nuna cewa lafiyar motsi ta dogara ga kowace ƙwaya ta isa wurinta, ta kuma sadu da abokiyar hulɗarta a kan lokaci.