Karon Birnin Fas da Daɓenmu na Gida

Yau hirarmu a kan karo ce, wanda mutanen Najeriya ke ce wa tayil. Wanda kuke gani cikin kwali a kasuwar Tawa na inji ne. Mu na hannu za mu yi magana a kai.

A ƙasar Maroko akwai wani tsohon birni, sunansa Fas. Da yawa cikinku sun san sunan, don can ne kabarin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815. Wanda ya je ziyara zai gaya muku bango da ƙasa duk ado ne, shuɗi da kore da fari da rawaya. Wannan ado shi ake kira zallij.

Ga yadda ake yin sa. A jiƙa yumɓu, a cuɗa shi, a yi masa kusurwa huɗu, a shanya a rana. Sai a gasa, a shafa launi a fuska guda, a sake gasawa. To, nan ne babban aikin ya soma. Mai sara zai zauna da guduma mai kaifi, yana yanka karon ƙanana-ƙanana, wani kamar tauraro, wani bai wuce farce ba. Sa'an nan a jera su a kife, launi yana kallon ƙasa. Ku lura da kyau: mai jerawa ba ya ganin launin, da ka yake aiki. In ya gama, a zuba kwaɓi a bayansu. Ya bushe, a ɗaga, a manna ga bango.

Sana'ar ta bunƙasa zamanin sarakunan Banu Marin. Sun gina makarantar Attarin daga 1323 zuwa 1325, suka ƙawata ta da zallij. Shekara ɗari bakwai ke nan, adon yana nan.

Da karon inji ya zo, ya fi araha nesa. Me ya hana na hannu mutuwa? A 1981 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Fas cikin kayan tarihin duniya, gyaran tsoffin gine-gine ya ba masu sana'a aiki. Sarki Hasan na Biyu kuma ya gina babban masallaci a Kazablanka, aka buɗe shi a 1993, dubban masu aikin hannu suka yi masa ado. A ganina, aikin da aka ba su ya fi takardar UNESCO amfani. Da shi suka ci abinci, yara suka zauna gabansu suka koya.

Mu nan Adar ba mu gasa karo, amma muna da daɓe. Mata su baza tsakuwa cikin ɗakin amarya, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, har ƙasa ta yi santsi. Yanzu suminti ya shigo, ƴan mata da yawa ba su taɓa riƙe madaɓi ba.

Ku da kuka iya rubutu a Kalfu da kewaye, ga aikin wannan mako. Ku sami tsohuwa wadda ta iya daɓe. Ku tambaye ta inda ake ɗebo tsakuwa, da abin da ake jiƙawa a yayyafa, da kwanakin da ake yi. Ku rubuta cikin littafinku, ku kawo wa malaminku ranar karatu.