'Yancin faɗin albarkacin baki

'yancin faɗin albarkacin baki (suna, namiji). Haƙƙin kowane ɗan Adam na riƙe ra'ayinsa ba tsangwama, da na neman labari, da samunsa, da isar da shi ga wasu, da baki ko a rubuce ko ta kowace kafa, har ƙetaren iyakar ƙasa. Yana cikin sashe na 19 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948. Yarjejeniyar haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966 ta mai da shi wajibi a kan ƙasashen da suka amince da ita.

Abin da ke zuci babu mai ikon taɓa shi. Furuci ake iya yi wa iyaka, shi ma sai da rubutacciyar doka, sai don kare haƙƙi ko mutuncin wasu ko tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a ko tarbiyyarsu, kuma kada matakin ya wuce buƙata. Wannan sharaɗi na ƙarshe gwamnatoci kan take shi. A 2014 Kotun Afirka da ke Arusha ta ce Burkina Faso ta keta haƙƙin ɗan jarida Lohé Issa Konaté, da ƙasar ta yanke masa ɗaurin shekara guda kan ɓata sunan wani mai gabatar da ƙara. Farfagandar yaƙi da tunzura jama'a kan ƙabila ko addini kuwa, sashe na 20 na yarjejeniyar 1966 ya wajabta a haramta su.

Misali: Lauyan ya ce rufe gidan rediyon ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki.