3.2 Magajiya da Bagwariya: Muryar Mace a Tarihin Daura

A shekarar 1988 wata masaniya 'yar ƙasar Indiya, Gayatri Spivak, ta yi tambayar da ta tayar da ƙura: shin macen da aka danne tana iya magana a ji ta? Hujjarta ita ce, lokacin da Turawan Ingila suka hana ƙona gwauruwa tare da gawar mijinta a 1829, mazan Turai da mazan Indiya ne suka yi ta jayayya a kanta, ita kuwa ba a tambaye ta ba. Wannan sashe zai ɗora tambayar a kan tarihin Daura.

Kamar yadda ya zo a Girgam, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1928, mata ne suka fara mulkin Daura, tun daga Kufuru a Tsohon Birni har zuwa Daurama, wadda ake danganta kafa birnin yanzu da ita. Sai dai idan aka lura, ba a adana komai game da yawancinsu ba in ban da suna. Labari bai yi ƙiba ba sai da Bayajidda ya iso, ya kashe macijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. Daga nan sarauta ta koma hannun Bawo da 'ya'yansa. Wato an mayar da mulkin mata shimfiɗa kawai.

Duk da haka Magajiya ba ta bi sahun gwauruwar Spivak ba, domin sarautarta ba ta mutu da zuwan Bawo ba. Smith (1978) ya nuna cewa kafin jihadi ya kai Daura wajen 1805, Magajiya tana cikin manyan masu riƙe da sarauta, kuma tana da ikon taka wa sarki birki. Da Turawa suka mayar da gidan Haɓe kan gado a 1906, da Sarki Musa, ba su mayar mata da wannan iko ba.

A ganin mai wannan bincike, wadda tambayar ta fi dacewa da ita ita ce Bagwariya, kuyangar da sarauniya ta bai wa Bayajidda. Ita ta haifi Karɓagari, wanda ake cewa kakan Banza Bakwai ne, amma ko sunanta na yanka ba a riƙe ba. Da ƙabilarta ake kiranta. Abin da ya rage na bakinta shi ne sunan da ta raɗa wa ɗanta, shi ma a matsayin gorin kishi aka ruwaito shi.