Ɗan Waken Kara: Daga Dutsen Niƙa Zuwa Buhun Fulawa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san matsayin ɗan wake a bakin kara. Dillali da bafatake da ɗan lodi sun yarda da shi saboda riƙon ciki: a ci da hantsi, a kora da ruwa, a kai la'asar ana ciniki. Sai dai abin da muke ci da tsinke a yau ya sha bamban da wanda kakanninmu suka sani, domin kowane zamani ya jefa nasa a cikin tukunyar.

In muka koma can asali, manyan abubuwa uku za mu tarar, dukkansu na gida: wake da kuka da kanwa. A Afirka ta Yamma aka daɗe ana noma wake tun shekaru dubbai, kuma har gobe Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi. Kuka tana bayan gari. Kanwa kuwa daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi ayarin jakuna da raƙuma ke ɗauko ta a da, su ratsa ƙasar Borno zuwa Kano. Tsofaffi sun ba mu labarin yadda ake surfa wake, a shanya, a haɗa da dawa, a durƙusa gaban dutsen niƙa. Kuka ce ke riƙe ƙullun kada ya watse, ruwan kanwa kuma ya ba shi laushi da wannan launi mai duhu. Idan ruwa ya tafasa, uwargida ta riƙa gutsuro ƙullun da yatsu tana jefawa. Ya nutse, can kuma ya taso sama, kumfa ta yunƙuro, ta yayyafa ruwan sanyi ta kwanta. Sai ta tsame, ta ɗauraye, ta zuba man shanu da yajin citta da masoro.

Juyi na farko daga ƙetare ya zo. Rogo da gyaɗa da barkono duk amfanin gonar nahiyar Amurka ne, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka sauke su a gaɓar Afirka, suka yi ta tafiya hannu zuwa hannu har suka iso mu. Da jirgin ƙasa ya kama aiki a Kano a 1912, sannan ya kai Nguru a 1930, noman gyaɗa ya mamaye Arewa. Man gyaɗa ya wadata ya karɓe gurbin man shanu, ƙuli-ƙuli ya shiga yaji. Rogo, wanda manoma suka runguma don yana jure fari, ya ba mu alabo, alabo kuma ya ba ɗan wake sulɓi da danƙo.

A daidai wannan zamani Potiskum take tasowa. A 1924 aka dawo da fadar Fika nan, hanyar motar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa garin, kara ta yi ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma. Shanu daga Chadi da Nijar da Kamaru, tireloli zuwa Legas da Anacha, kuma duk inda baƙi suka taru dole a ci abinci. Nan ɗan wake ya fito daga tsakar gida ya zama sana'a: mata su jefa a cikin gida, yara su ɗauki talla. Injin niƙa ya hutar da su daga dutse, mace ɗaya ta iya ciyar da layi guda na 'yan kasuwa.

Babban juyi shi ne na fulawa. A da, alkama abincin masu hali ce, kaɗan ake nomawa a fadamu don alkaki da funkaso. A 1962 aka buɗe masana'antar niƙa alkama a Apapa, Kano ta samu tata a shekarun 1970, kuɗin fetur suka sa alkamar Amurka ta yi araha. Fulawa ba ta son surfe, ba ta son kai niƙa. A buɗe buhu kawai a kwaɓa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma aka ɗage haramcin a 1992, kuma daga nan wake ya yi ta raguwa a cikin ƙullu, har aka wayi gari wasu masu sana'ar ba sa zuba ko ludayi ɗaya.

Bayan an ƙirƙiri Jihar Yobe a 1991, kishiyoyi suka ƙaru a bakin kara. Mai shayi ya zo da Indomie. Awara, wadda asalinta ƙasar Sin, ta kafa kaskonta. Ɗan wake ya amsa da ado: dafaffen ƙwai, kabeji, tumatir, albasa da magi. Ko harin da aka kai wa kasuwar a watan Mayu na 2012, da shekarun tsoro da suka biyo baya, ba su kashe sana'ar ba. Da ciniki ya dawo, tukwane suka koma kan wuta.

Mutanen Sin ma suna naɗe nama a cikin ƙullu, su jefa a tafasasshen ruwa, kuma duk ci gabansu iyali na taruwa daren sabuwar shekara su haɗa shi da hannunsu, yara na koyo. Wannan kulawar ce muke so mu ga an yi wa namu. Tun 2022, da yaƙin Yukiren ya tayar da farashin alkama, mun ga illar jingina abincin talaka da jirgin ruwa, alhali ga wake jibge a kasuwar hatsi ta Potiskum. Matan da suka iya haɗin wake da dawa da alabo suna nan da ransu. Mu tura 'ya'yanmu su koya a hannunsu, mu kuma masu saye mu riƙa tambayar na wake, mu biya kuɗinsa ba tare da ƙorafi ba.