Daga Asibiti Zuwa Falo: Asalin Na'urorin Ƙamshin Ɗaki

Na'urorin ƙamshin ɗaki na zamani tsoron cuta ne ya haife su, ado daga baya ya zo. A shekarar 1898 wani mai haɗa magunguna a birnin Paris, Maurice Berger, ya yi wa wata fitila rajistar haƙƙin ƙirƙira domin tsabtace iskar asibitoci. Lagwaninta yana tsotso sinadari zuwa wani ɗan dutse, a kunna na ɗan lokaci a hure, dutsen ya ci gaba da ƙona sinadarin ba tare da harshen wuta ba. Sai bayan da Jean-Jacques Failliot ya sayi kamfanin da ke ƙera ta a 1927 ne fitilar ta zama kayan ƙawa a gidajen masu hali. Haka ma gwangwanin feshi: Lyle Goodhue da William Sullivan sun ƙera nasu ne a 1941 don kashe sauro, sojojin Amurka suka amfana da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, kafin Glade ta fito da nata na ƙamshin ɗaki a 1956.

Wani zai ce ai turaren wuta da kasko sun riga su da ƙarnoni, kuma ƙamshi ake nema da su. Wannan gaskiya ne, amma rajista ba ta ba kowa mallakar ƙamshi, sabuwar dabarar watsa shi kaɗai take karewa, na ƙayyadadden lokaci. Ita kuwa wannan dabara larurar lafiya ce ta tilasta nemo ta, kasuwar ƙamshi ta gaje ta.