Ahmed Zewail

Ahmed Hassan Zewail (26 ga Fabrairu, 1946 – 2 ga Agusta, 2016) farfesan ilimin sinadarai ne haifaffen ƙasar Masar, wanda ya yi aikinsa a Amurka. Shi ne Balarabe na farko da ya ci kyautar Nobel a wani fanni na kimiyya, a shekarar 1999.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Damanhur, ya tashi a Desuk. Ya yi digiri na farko da na biyu a Jami'ar Iskandariya, sannan ya wuce Jami'ar Pennsylvania, inda ya kammala digirin digirgir a 1974 a ƙarƙashin Robin Hochstrasser. Bayan shekara biyu yana bincike a Berkeley, sai ya kama aikin koyarwa a cibiyar Caltech a 1976. Bai sake barin wurin ba har ƙarshen rayuwarsa.

Bincike

Kafin aikinsa, masana sun san abin da ake haɗawa da abin da ke fitowa idan sinadarai suka gauraya, amma abin da ke faruwa a tsakani sai dai hasashe, domin yana wucewa cikin ɗan lokacin da babu na'urar da ke iya kamawa. Zewail ya yi amfani da walƙiyar hasken leza mai tsawon 'yan femtosakan. Femtosakan guda in aka gwada shi da daƙiƙa, kamar daƙiƙa ce a gwada ta da shekara miliyan 32. Walƙiya ta farko ita ke tayar da sinadarin, ta biyu kuma ta biyo baya ta ɗauki yanayinsa, tamkar kyamara. A 1987 shi da ɗalibansa suka bi diddigin yadda ƙwayoyin zarra ke rabuwa a sinadarin ICN, abin da ya ɗauki kimanin femtosakan 200. Daga nan aka sami sabon fanni, femtokemistiri.

Karramawa

Ya karɓi kyautar Sarki Faisal a 1989 da ta Wolf a 1993. Nobel ɗin kuwa shi kaɗai aka ba, ba a haɗa shi da kowa ba. A 2009 Shugaba Barack Obama ya sa shi cikin masu ba shi shawara kan kimiyya.

Ya daɗe yana fafutukar a kafa babbar cibiyar bincike a Masar. An aza harsashinta a 2000, aikin ya tsaya, sai bayan juyin juya halin 2011 aka farfaɗo da shi da sunan Birnin Kimiyya da Fasaha na Zewail. Ya rasu a Amurka yana da shekara 70, aka kai gawarsa Masar aka binne.